Ku Tambayi Gwaggo: Ritaya ta zo, ciwo ya zo, zuciya kuma tana son komawa gida

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na ware wannan watan don duk kusan zancensu ɗaya ne, an ɗaure kaya za a canja gari ga kuma mara lafiya a cikin kayan. Kamar kullum na cire sunaye da lambobin waya. Ku kuma tuna ni tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, ba ni na ga jikinku ba, abin da likitanku ya faɗa shi ne gaba da nawa.

TAMBAYA TA FARKO

Gwaggo barka da aiki. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, watan Maris mai zuwa nake cika shekara 35 a aiki, shekaruna 59. Haifaffen Jos ne ni a Gangare aka yanke min cibi, aiki ne ya kawo ni Abuja tun 1991 da gwamnati ta taso daga Legas. Ina da suga shekara 18 ga hawan jini, bara aka ce ƙodata ta gaza, yanzu wankin ƙoda nake, likita yace sau uku a sati amma sau biyu nake iyawa, ta robar da suka sa min a wuya ake yi. Ina da gida a Kubwa wanda na saya lokacin da aka sayar da gidajen gwamnati, ina kuma da gini a Rikkos an yi rufi saura filasta da wuta da ruwa. Niyyata in sayar da na Kubwa in ƙarasa na Jos in koma, ragowar kuɗin in riƙa wanki da shi. Uwargida tace ita ba inda zata, babban ɗana da ke Kano yace in tafi, ƴata da ke kai ni asibiti a motarta kuka kawai take in na ɗauko zancen. Ni kam Gwaggo na gaji da Abuja wallahi, garin da maƙwabcinka bai san ka kwanta ba, so nake in ƙarasa cikin dangina a binne ni kusa da iyayena. Son kai nake yi?
Ɗan fansho mai jiran gado, Kubwa.

AMSA

Alhaji sannu da jiki, Allah Ya sa kaffara ne. Ba son kai kake ba. Ni ma ƴar Dilimi ce, har yau in na hau Hawan Kibo iskar nan ta bugi fuskata sai naji kamar an sauke min dutse daga ka, don haka ba zan zauna ina maka wa'azin Abuja ta fi ba. Amma zan faɗa maka abin da ƴarka ta kasa faɗa sai kuka. Kai yanzu ba gari kake zaɓa ba. Mai lafiya ne ke zaɓar gari. Kai abin da zaka zaɓa shi ne injin da zai riƙa wanke maka jini, da hanyar da ke tsakanin gadonka da injin nan, da mutumin da zai ɗauke ka ƙarfe biyun dare in numfashi ya sarƙe. In ukun nan sun samu a Jos, bismillah ɗaure kaya. In basu samu ba to Jos ɗin da ke kanka, ta zamanin da kasuwar Taminus ke tsaye kafin gobarar 2002, ba ita zata karɓe ka ba.

Ka san dalilin da yasa likita yace sau uku, awa huɗu huɗu. Ƙoda mai lafiya dare da rana take aiki, injin kuwa awa 12 kacal yake maka a sati in ka cika ukun, kai da kake biyu awa 8 kake samu, wato dama a bakin gaɓa kake tafiya. Mai irin wannan in ya rasa wanki ɗaya ruwa ne zai taru ya hau huhu ya kasa kwanciya sai a zaune, sinadarin fotashiyam kuma ya hau a jini, shi kuwa baya sallama, zuciya kawai yake tsayarwa. Na taɓa karɓar wani bawan Allah a wani asibiti da na yi aiki, ya je ƙauye biki yace kwana huɗu ne ai, kwana tara ya yi saboda mota ta lalace sannan aka ce masa ga wani mai magani ya gwada, da aka shigo da shi ko gaisuwa bai iya amsawa. Shi ya sa nake cewa kar ka bar gurbinka na Abuja sai ka riƙe na Jos a hannu.

To ya ake riƙewa? Da ƙafa, ba ta waya ba. Gani ya kori ji. Asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo suna wankin ƙoda, akwai kuma masu zaman kansu a cikin gari. Ka tura ɗan nan naka na Kano da yake cewa ka tafi, tunda shi ya goyi baya ya fara nuna goyon da ƙafarsa, ya je ya zauna a ɗakin wankin ya yi hira da marasa lafiyan da ke jira ba da mai karɓar kuɗi kaɗai ba. Ya tambaya inji nawa ne ke aiki yau, ba nawa aka saya ba. Za a baka ranaku tsayayyu ko kullum sai ka zo ka bi layi. In inji ya lalace ko aka shiga yajin aiki ina mutane ke komawa. Kuɗin da suka faɗa ya haɗa da kayan wankin ko kai zaka sayo, allurar ƙarin jini da ta ayon, wato sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata, fa, a nan ake samu ko sai an aiko. Wuri biyu nake so ka sani, na kullum da na ko-ta-kwana, kuma duka biyun su buɗe maka fayil tun kafin ka buƙace su. Sannan a gwada hanyar daga ƙofar gidanka na Rikkos zuwa can da safe a Keke, a duba agogo.

Akwai kuma maganar da mu ƴan Jos bama son yi a gaban baƙi amma dole in yi. Garinmu yana da ranakun da ake rufe shi. Mun ga rikicin 2001, mun ga na 2008 da 2010, ko a Agustan 2021 sai da aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Jos ta Arewa. Allah Ya ƙara mana zaman lafiya, amma mai wankin ƙoda dole ya yi lissafin wannan, ka nemi takarda daga asibiti mai hatimi da ke nuna kai mai wanki ne ka ajiye a aljihu ko yaushe, ka kuma san gidan wa zaka kwana kusa da asibiti in gari ya ɗau zafi. Kar kuma kace ai in ta ɓaci sai in gangaro Abuja, hanyar nan ta Akwanga da Keffi awa huɗu zuwa biyar ce ga mai lafiya, mai ruwa a huhu ba ya ita.

Robar wuyan nan ita ta fi tsaya min a rai a duk wasiƙarka. Ba abar zama da ita bace shekara da shekaru, hanya ce buɗaɗɗiya daga waje zuwa jininka, ƙwayar cuta na shiga sai zazzaɓi da rawar ɗari. Ka yi wa likitanka maganar fistula, kar ka tsorata ba yoyon fitsari nake nufi ba don na san abin da mutanenmu ke fara ji kenan, ƙaramin aiki ne ake haɗa jijiyoyin jini biyu a hannu, sai a jira kamar sati shida zuwa wata uku ta nuna kafin a fara sa allura a ciki. A yi maka ita nan inda aka san jikinka, ta nuna, a yi wanki da ita a ga tana ja, sannan a yi zancen tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hannun da za a yi aikin kuma daga yau kar ka bari a ɗebi jini ko a auna hawan jini a shi. Ka kuma tambaye shi ko jikinka zai ɗauki dashen ƙoda, asibitin Malam Aminu Kano suna yi tun 2002, sai dai mai bayarwa ya zama don Allah ya bayar, dokar lafiya ta 2014 ta hana cinikin sassan jiki.

Ranar da zaka tashi kar ka tafi da baki kawai kace musu ai suga ne da ƙoda. Likitanka ya rubuta maka cikakken rahoto, nauyin da ake sauke ka a kai bayan wanki, awa nawa, magungunanka da adadinsu, sakamakon gwajin jini na baya bayan nan, da gwajin ciwon hanta nau'in B da C da na HIV don babu wurin wanki na kirki da zai ɗora ka a inji bai gansu ba. Ka yi fotokofi uku ka kuma ɗauka a waya ka tura wa ƴarka.

Yanzu kuɗi, inda nake so ka gyara zama. In ana wanki a naira 50,000, sau biyu a sati miliyan 5.2 ne a shekara, sau uku miliyan 7.8, ba allurai ba magani ba kuɗin mota. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da saukar da shi zuwa 12,000 a wasu asibitocinta da ta zaɓa, cikinsu har da asibitin tarayya na FMC Jabi nan kusa da kai, a wannan farashin sau uku a sati bai kai miliyan biyu ba a shekara, kaga kenan ko layi ya kai ina ya cancanci ka je ka tambaya, a Jos ma tambayar farko kenan. Dalilin lissafin nan shi ne ka gane kuɗin gida in aka sayar ƙarewa yake, wanki kuwa baya ƙarewa. Ka cire na filasta da wayarin da rijiya ko bohol, ka cire na ƴan uwa da zasu ji ƙamshin Alhaji ya sayar da gida a Abuja kowa ya taso da tasa matsalar kai kuma ba zaka iya cewa a'a ba, me ya rage? Ga darajar naira da kullum take zaizayewa. Ni shawarata kar ka sayar, ka bada haya. Hayar Kubwa duk shekara zata shigo, gidan yana nan, in Jos bata karɓe ka ba kana da wurin dawowa, in ta Allah ta kasance kuma uwargida bata rasa matsuguni ba.

Kar kuma ka ɗauka fansho zai fara sauka a watan Afrilu. Ku da kuka shiga aiki kafin dokar fansho ta 2004 kuna da haƙƙin tsohon tsari da gwamnati ke zubawa a asusunku kafin a fara biya, kuma an sha jinkiri a kansa, don haka ka tanadi kuɗin wanki na watanni a gefe, ka tabbata ka yi tantancewar hukumar fansho ta ƙasa PenCom, sunanka da ranar haihuwa a PFA ɗinka, wato kamfanin da ke kula da asusun fanshonka, sun yi daidai da na NIN. In an zo zaɓi zasu ce maka ko ka bar kuɗin a wurin PFA suna baka wata wata, ko ka miƙa wa kamfanin inshora ya biya ka har ƙarshen rai. Na farkon in mutum ya rasu abin da ya rage na magada ne, na biyun shekara goma aka lamunce, bayan ta wuce babu abin da magada zasu karɓa, kuma in ka shiga na biyun ba a dawowa. Mai ciwo irin naka ya yi tunani sosai kafin wani mai jaka da daɗin baki ya sa shi sa hannu. Kuɗin asusun gidaje na ƙasa, NHF, da aka yi ta yanka maka kashi 2.5 ma naka ne, ka cike takarda ka nema a bankin bada lamunin gidaje na tarayya, mutane da yawa mantawa suke. Inshorar lafiya ta wurin aiki kuma kar ka ɗauka zata bi ka har gida, ka leƙa ofishin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa NHIA ka ji yadda ake shiga GIFSHIP, tsarinsu na wanda zai biya wa kansa, a Filato kuma akwai ta jiha PLASCHEMA, zasu rage maka na magani da ganin likita amma kar ka jingina wankin dindindin a kansu.

Kar ace na ɓata garinmu, Jos tana da nata alherin gare ka. Tudu ce, wajen mita 1,200 sama da teku, mai wankin da aka ƙayyade wa ruwan sha yafi samun sauƙin ƙishi a can fiye da zafin Maris na Abuja, rayuwa ta fi araha, masallaci a ƙofar gida, mutane zasu shigo duba ka har ka gaji. To amma sanyin Disamba da Janairu yana matse jijiyoyi ya ɗaga hawan jini, ga mai suga da ƙafarsa bata ji sosai sai ya kai ta bakin gawayi ko ruwan zafi ya ƙone bai sani ba. Sai abinci, abin dariya abin kuka, duk abin da Jos ke taƙama da shi kusan shi aka hana ka. Dankalin Turawan Bokkos, tumatirin Farin Gada, alayyahon gwate, ayaba, lemu, dabino, duk fotashiyam ne. Dankali in dole ne a fere a yanka ƙanana a tafasa da ruwa mai yawa a zubar da ruwan, ka ci kaɗan. Kanwa kam ko kusa, gishiri da magi a ja hannu. Masu zuwa dubiya kuma kowa da jarkarsa ta jiƙo da sassaƙe wai wane ya sha ya daina wanki, ka karɓa ka yi godiya ka ajiye, haka maganin ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen na kemis.

Sai uwargida. Alhaji a wasiƙarka layi ɗaya ka bata, tace ba inda zata, baka faɗa min dalilinta ba, ina zargin baka tambaya ba. Matar nan ita ke dafa abinci kala biyu kullum, ita ke auna maka ruwa, ita ke farkawa in ka yi tari. Shekara talatin ta yi tana gina nata mutanen a Kubwa, islamiyyarta, maƙwabtanta da zasu riƙe mata gida in kun kwana asibiti, ga ƴarta kusa. Dangin da kake cewa a Jos, ka ɗauki biro ka rubuta sunan wanda zai ajiye kasuwarsa duk Litinin da Alhamis ya kai ka Lamingo ya zauna awa huɗu ya dawo da kai, ba sati ɗaya ba, shekara. Dubiya daban jinya daban. In ka samu suna biyu ka kira su ka faɗa musu ƙarara ka ji amsarsu.

Ga yadda zan yi in ni ce. In yi ritaya a Maris in zauna, a yi fistula, fansho ya fara shigowa, a gyara ɗaki biyu da banɗaki a Rikkos da ɗan abin da ke hannu ba sai an gama gidan duka ba, banɗakin a sa masa abin zama da ƙarfen riƙewa. Sai in je gwaji na wata uku in tabbata hunturu na ciki, da yardar uwargida, gurbina na Abuja kuma in gaya musu tafiya na yi zan dawo. Bayan wata ukun jikinka da awon jininka da fuskar matarka zasu gaya maka gaskiya. Maganar kabari kuwa kai ma ka san ƙarshen Suratu Luƙman, babu ran da ya san ƙasar da zai mutu, ƙasar maƙabartar Gudu ta Abuja da ta Jos duk ta Allah ce. Abin da ke hannunka shi ne ka rubuta basussukanka da wanda kake bi, takardun gidajen nan biyu su fito fili iyali su san inda suke, wasiyya in zaka yi kar ta wuce sulusi. Wannan ba kiran mutuwa bane, na ga masu wanki da suka shekara goma suna aurar da ƴaƴa.

TAMBAYA TA BIYU

Gwaggo ni malamar firamare ce na yi ritaya a Jos, mijina ya rasu. Wata biyar da suka wuce aka ce ina da ciwon daji a mama, an cire, an yi min allurar kemo sau huɗu, yanzu sun ce saura gashi, wato a gasa wurin da hasken inji. Ɗana da ke Lugbe yace in tattara in koma wurinsa gaba ɗaya in bada gidana haya. Matsalar ita ce matarsa bata san ciwon da nake ba, na hana shi faɗa, ce mata akai ƙari ne aka cire, bana so a riƙa kallona ana tausayi ko danginta su ɗauka a baki. Kuma ni ban saba zaman gidan suruka ba. In koma ko in riƙa zuwa ina dawowa?
Malama, Anguwar Rogo.

AMSA

Yaya sannu, Allah Ya baki lafiya, kin yi jarumta da kika tsaya aka yi aikin aka yi kemo, da yawa a nan suke gudu su koma sai abu ya fashe. Zuwa da dawowa kam cire shi a lissafi. Gashin nan kullum ake yinsa Litinin zuwa Juma'a, sati uku zuwa biyar ya danganta da abin da likita ya tsara, shigar bata wuce ƴan mintuna amma ba a son a riƙa tsallake rana, kuma gajiyarsa taruwa take sai wajen sati na biyu na uku ki ji kamar an zare miki laka. Babban Asibitin Ƙasa na Abuja suna da injin, daga Lugbe kuma titin filin jirgi ne miƙe, don haka zaman Abuja na wannan lokacin dole ne. Ɗanki ya je ya karɓo rana tun kina Jos don akan yi layi. Ki taho da rahoton aikin da aka miki, da sakamakon tsokar da aka auna, da sunayen alluran kemo da ranakun da aka yi, da hotunan da aka ɗauka, in babu su sai a sa ki sake wasu gwaje gwajen da kuɗinki. Ya kuma tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin zancen asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya, na mama yana cikin waɗanda yake ɗauka.

Amma komawa gaba ɗaya wata magana ce daban, kuma ba yanzu ake yanke ta ba. Ɗanki tsoro ne ke magana a bakinsa, so yake ya riƙa ganinki. Ki ce masa kin zo jinya wata biyu ko uku, gidanki a rufe ko ki sa wata ƴar uwa ta kwana ciki, kar a sa ɗan haya. Bayan gashi yawanci sai ganin likita duk bayan ƴan watanni, wasu a ɗora su kan ƙwaya ta shekara biyar ko fiye, wannan kuwa daga Anguwar Rogo ma ana iyawa. Macen da ta shekara talatin tana riƙe aji da gidanta, a kaita ɗaki ɗaya a estet inda kowa ya fita tun bakwai sai ita da talabijin, na ga yadda irinku ke shanyewa a zaune ba don ciwon ba.

Sai dai Yaya zan saɓa miki a abu ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Yarinyar nan a gidanta zaki sauka, ita zata dafa, ita zata ga fatar wurin ta yi duhu tana saɓulewa, ita zata ganki kwance da rana, in bata san dalili ba me zata ɗauka? Cewa zata yi uwar miji ta zo ta miƙe ƙafa, ke kuma ki ce bata da tausayi, a yi ta ƙunci a banza. In kuma ta tsinta a takardar asibiti, wanda zata tsinta, zafin da zata ji shi ne an maida ita bare a gidanta, ɗanki ne zai sha wannan. Ki kira ta ɗaki ke da ita, ki ce ƴata ga abin da ke damuna, ke na faɗa wa ban faɗa wa duniya ba. Sau da yawa amanar nan ita ke juya suruka ta koma ƴa. Ki kuma gaya mata ba a ɗauka, ba ta kwano ba ta wanki, gashin da ake yi daga waje kuma baya bin ki gida, ki ɗauki jikokinki ki goya. Hannun ɓangaren da aka yi aikin ki kiyaye shi da ɗaukar kaya masu nauyi da ƙuna da yanka, in kika ga ya fara kumbura ki faɗa da wuri. In kina da ƴaƴa mata ko ƙanne su ma haƙƙinsu ne su sani don su riƙa duba kansu.

TAMBAYA TA UKU

Gwaggo mahaifinmu shekararsa 81, tsohon direba ne a Bukuru, ya fara mantuwa sosai har ya bar shayi a wuta sau biyu, sai muka ɗauko shi muka kawo shi gidana a Gwarinpa. Tunda ya zo abin ya ƙaru, da magariba sai ya ɗauki takalmi yace zai tafi gida, shekaranjiya a bakin get maigadi ya tare shi, wani lokacin yana kiran matata da sunan ƙanwarsa da ta rasu. Wasu sun ce iska ce. Mun yi kuskure ne?
Ɗansa, Gwarinpa.

AMSA

Ɗana ba iska bace, kuma niyyarku mai kyau ce. Mai cutar mantuwa da sabo yake tafiya, a Bukuru ƙafarsa ta san hanyar masallaci da banɗaki ko kansa ya manta, da kuka ɗauke shi kun raba shi da wannan, rikicewar magariba kuma sananniya ce a wannan ciwon. Fara kai shi asibiti, don rikicewar da ta ƙaru farat ɗaya a tsoho wani lokacin ciwon fitsari ne ko maleriya ko suga ko wani magani da yake sha, a duba waɗannan, a duba ji da gani, sannan ku nemi likitan ƙwaƙwalwa. In akwai mai zama da shi tsakani da Allah a gidansa na Bukuru, dare da rana, ku tura kuɗi ku riƙa zuwa, maida shi ya fi. In babu to ya zauna, amma ku daina yawo da shi wata ɗaya gidan wannan wata ɗaya gidan wancan, kowace ƙaura sabon ruɗani ce. Ku aika a kwaso masa buzunsa da butarsa da rediyonsa da bargon da ya saba, a jera masa yadda suke a can, a bar fitila a hanyar banɗaki da dare. In yace zai tafi gida kar a ce Baba ai nan ne gida a yi ta musu, ka ce to Baba bari a yi salla mu sha shayi tukuna, ka ja shi da hirar mota da hanyar Jos zuwa Kaduna, yawanci kafin a gama ya sauka. In ya kira matarka da sunan ƙanwarsa ta amsa kawai, kar a riƙa sanar da shi rasuwar kullum yana sabon kuka. Ka gaya wa maigadi da masu shagon layinku halin da yake ciki, ka rubuta sunansa da lambarka a ɗan kati a ɗinke a cikin aljihun kowace rigarsa, don na aljihu kawai zai ciro ya yar.